Rijiyar Majema

Ƙwarya huɗu Likita ya jera a ƙofar gidan mai garin Jiratawa, da tulin tsakuwa gefe. Nasaran ya taso daga Maraɗi ne don jariran da zawo ke kwashewa tun damina. Zatonsa ruwan rijiyar da ke jikin majema ne. Ƙwarya biyu na masu shan wannan rijiya ne, biyu na masu ɗiba a gulbi, kowane ɓangare da ta wadda ta rasa ɗa da ta wadda ba ta rasa ba, kowace mace a jefa mata tsakuwa ɗaya. In mutuwa ta rinjaya a ɓangaren rijiya fiye da yadda dace kawai zai kawo, kumandan da ke mulkin ƙasar zai sa a cike ta a haƙa wata. Dabara ce mai kyau, a bakin mutumin da bai taɓa tambayar yadda ake magana a garin ba.

Sai ya sa aka tara matan a gaban surukansu.

Tasalla ta durƙusa da jaririyarta Uwani a baya, ita ce kaɗai ta rage mata. Ɗanta na fari ya rasu da kaka, bayan ya zube kamar tsumma. Haka na maƙwabtanta, domin sababbin gidajen amare duk a jikin majema aka yi su.

Gado tafinta, mai hular kwano da takalmin da ya fi ƙafarsa, ya ce, "Likita na tambaya, ina kike ɗibar ruwa?"

"Majema."

"Kin taɓa rasa ɗa?"

Ta rasa kam. Amma ɗan fari ne. Ko yana raye ba ta ambaton sunansa, balle ta buɗe baki ta yi kukansa a gaban uban mijinta. Ta sunkuyar da kai.

Tsoho Nomau, surukin nata, ya gyara zama cike da jin daɗi. "Ɗiyar mutunci ce wagga. Mi za ta ce? Ga ɗiyarta nan bisa baya."

Gado ya san komai, da shi aka yi jana'izar. Sai dai rana ta take, kuma ana jiransu da gasassun zabi a Tibiri. Ya yi wa Likita Faransanci a gajarce, tsakuwa ta faɗa ƙwaryar waɗanda ba su rasa ba. Amaren da suka biyo baya ma haka suka yi, dattawa na gyaɗa kai suna yaba tarbiyya.

* * *

Likita ya zazzage ƙoren, ya yi ta lissafi yana goge gumi. Bambancin bai taka kara ya karya ba, in ji shi, dace ne kawai zai iya kawo shi. Rijiya ba ta da laifi. Ya ma ji daɗin kansa, wai hujja ta kayar da zatonsa kuma ya karɓa. Mai gari ya yi godiya, don dama ba ya son aikin haƙa. Mota ta tashi.

* * *

Washegari Tasalla ta ce za ta riƙa zuwa gulbi. Nomau ya ce matan gidansa ba sa ratsa gari, kuma ai Nasara da kansa ya wanke rijiyar.

Ta koma rijiyar majema ta jawo guga. Warin jima na tashi daga ruwan. Ta tace shi da bakin zanenta, ta sake tacewa, kamar hakan zai yi wani abu. Uwani na kukan ƙishi. Ta kwanto ta, ta kai mata ludayi baki, yarinyar ta kama da hannu biyu tana sha.