Ƙarshen Benci

Jiya da dare wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a majalisarmu ta ƙofar gidan su Sallau, da rana tsaka. Bencin da muka saba zama a kai ne, amma ƙasa babu. Ƙarƙashinmu rami ne, ba a hango iyakarsa. Ruwa na fitowa daga ciki yana hawa sama, yana jiƙa mini tafin ƙafa.

Mu bakwai ne. Ni ne a ƙarshe, inda katako ya zarce ƙafar benci. Kowa ya san wurin nan: na tsakiya na miƙewa, na ƙarshe zai kifa.

Sallau ne ciyaman. Yana da mataimaki, mataimakin yana da mai ba shi shawara, shi kuma yana da mai riƙe masa hula. Na roƙi a ɗan matsa mini. Sallau ya ce ba huruminsa ba ne, in ga sakatare.

Sakataren bunsuru ne, da tabarau.

"Takardar shaidar asalin benci," in ji shi.

Na ce shekara huɗu ke nan kullum a nan nake wuni, tun da na gama sakandare.

"Zama daban, asali daban. Kakanka a wane ɓangare ya zauna?"

Na miƙa masa sakamakon jarrabawata, shi kaɗai gare ni. Ya cinye, ya yi gyatsa. Aka ce ai an sa hannu ke nan. Sai dai ba a matsawa ciki sai mutum ya kawo wanda zai gaje shi a ƙarshe.

Sai ga Tanimu, abokina tun aji ɗaya, ya yi sallama. Na amsa. Na matsa na ce masa bismillah. Ya zauna yana ta godiya, wai dama ya san ba zan manta da shi ba.

Tsakiya akwai ɗumi. Ruwan ba ya isowa nan.

Can aka sanar za a miƙe a karrama ciyaman, saboda zaman lafiyar da ya kawo wa benci. Wanda ya ƙi tashi, ƙarshe zai koma. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, iska ta riƙe su, don ita ma ta san na tsakiya. Katako ya fara ƙara. Nauyina kaɗai ya rage a tsakiya.

Tanimu ya kama gefen rigata.

"Mudi, ba dai tashi za ka yi ba?"

Na ce masa ƙafata ce ta sage, ɗan miƙe ta kawai zan yi. Ya saki rigar.

Na tashi. Aka tafa.

Ƙarar katako ce ta farkar da ni. Rana har ta ɗaga. A waje Sallau ke jan benci zuwa inuwa, yana kira in fito da wuri, wai Tanimu ya zo kuma wurin ba zai ishe mu ba.