Sunayen Ƙarshen Shiri

Wata goma sha ɗaya Auta ta yi tana zana jirgi guda a kwamfuta, kuma ba ta gaya wa mahaifinta ba. Ba mantuwa ta yi ba, so take ya gani da idonsa. Kamfanin da take wa aiki aka ba zanen sabon zubin Jirgi Na Tara, shirin talabijin na matafiya sararin samaniya da Baba yake bi tun kafin ya yi aure. Ita aka damƙa wa gangar jikin jirgin, daga hanci har wutsiya. Sunanta yana cikin jerin sunayen da ke hawa idan shiri ya ƙare, can ƙasa-ƙasa, bayan masu haɗa sauti.

A wani gidan wannan ba abin magana ba ne, don wa yake karanta sunayen nan? To, Baba yana karantawa. Shekara talatin da biyar ya yi yana tantance wasiƙu a gidan waya, ya fito da aƙida guda, cewa ba a rubuta suna don ado. Kowane shiri ya ƙare sai ya gyara tabarau ya karanta sunayen a fili, ɗaya bayan ɗaya, yana karya harshe a kan waɗanda suka fi ƙarfinsa. Lokacin da Auta da yayyenta suke yara, duk wanda ya tashi kafin a kai na ƙarshe sai an dawo da shi. Shi ya sa Auta ta yi tafiyar awa shida ran Asabar ɗin da aka saki shirin, ta haɗa masa na'urar kallon da ta sayo da talabijin, ta ɗosana a hannun kujera tana jiran minti hamsin na kashi na farko su wuce.

Ba su kaɗai ba ne a falon. Gwaggo, ƙanwar Baba, tsohuwar nas, tana kan kujerar da ta lotsa daidai jikinta. Mai Kemis, aminin Baba, ya rufe shago da rana tsaka saboda wannan kallo. Su ukun nan sun haddace tsohon shirin fiye da lambobin wayarsu.

Ko minti biyu ba a yi ba Baba ya ja tsaki.

"Auta, ƙara haske."

"Baba, haka yake."

"Haka yake? Mutanen da suka iya ƙera jirgi zuwa taurari sun kasa sayen ƙwan lantarki?"

Gwaggo ta sa baki. "Kai ta haske kake, Yaya. Dubi likitarsu. Ta tsoma hannu a cikin mutum ko wankewa ba ta yi ba! Ta da, ko ƙurji za ta duba sai ta sa safar hannu. Wallahi saboda matar nan na shiga aikin asibiti."

"Amma fa hoton ya fita," in ji Mai Kemis a hankali. "Na da, har zif ɗin rigar dodon kana gani."

"Ina gani, kuma ban damu ba!" Baba ya juyo masa gaba ɗaya. "Dodon roba ne, na yarda, amma idan ya buɗe baki sai ka kwana kana tunani. Kowane mako sabuwar duniya, sabuwar matsala, kyaftin ya zauna ya saurari mutane, a rabu lafiya. Mu kuma mu yi kwana bakwai muna musu a bakin shagonka. Yanzu fa? An zubo mana kashi goma rana ɗaya kamar shara. Kowa raɗa yake, kowa kuka yake, wanda bai yi kuka ba yana harbi. Da idan an nuna maka gobe sai ka ji kana son ka kai. Wannan goben tasu, tsatsa da yaƙi, wa yake marmarinta?"

Abin haushin ma, rabin maganar Auta ta yarda da ita. Ita ma ta faɗi irinta a ofis, aka ce mata zamani ya wuce nan. Ba ta zo kare shirin ba. Ta duba agogo, saura minti talatin da ɗaya.

Sai ga jirgin ya fito daga bayan wata duniya, a hankali, ya cika fuskar talabijin. Auta ta san kowace ƙusa a jikinsa. Wata uku ta yi tana faɗa da shugaban sashensu don a bar tagar nan mai zagaye ta ɗakin kyaftin da fitilu bakwai na ƙarƙashi, kamar yadda suke a tsohon, har sai da ya daina amsa gaisuwarta.

"Wannan ne jirgin?" in ji Baba. "Kamar butar da mota ta taka."

Mai Kemis ya yi dariya har da tari.

"A'a, ba abin dariya ba ne. Duk wanda ya zana wannan bai taɓa kallon shirin ba. Ko ya kalla, bai so shi ba. Wani mara tarbiyya ne aka ba kwamfuta, bai san darajar abin da ya tarar ba. Da ɗana ne da na ji kunya."

Maganar ta soki Auta har ƙashi. Ta cije leɓe, ta ce a ranta ba komai, bai sani ba ne, a bari a kai ƙarshe. Sauran shirin ba ta fahimci ko kalma ba. Tana zaune ta cika ta yi fam, su kuwa bakinsu bai mutu ba.

Aka kai ƙarshe, kiɗa ya tashi, sunan farko ya leƙo daga ƙasa. Baba ya ɗauki rimot ya kashe talabijin.

Gwaggo ta dube shi. "Yaya, sunayen fa?"

"Yau ba zan karanta ba. Waɗannan ba su cancanta ba."

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ba su cancanta ba? Baba, ka san awa nawa mutum yake yi a kan taga ɗaya? Ka ga tagar kyaftin? Ka ƙirga fitilun ƙasa? Ba ka gani ba, saboda tun kafin a fara ka gama yanke hukunci! Shekara nawa kana tsare mu a falon nan muna jin sunayen mutanen da ba mu sani ba, kana cewa kowa ya yi wahala a ambace shi? Ashe sai wahalar da ta yi maka daɗi!"

"Ke! Da wa kike magana haka?" in ji Gwaggo.

"Da mahaifin mara tarbiyyar nake, Gwaggo. Ni na zana butar. Wata goma sha ɗaya. Sunana yana ciki, shi na zo ya karanta."

Ta fizgi jakarta. Baba ya bi ta da kallo, rimot a hannu. Tana sa takalmi a bakin ƙofa ta ji ya kunna talabijin. Sunayen suka fara hawa, nan take na'urar ta matse su zuwa wani ɗan lungu, ta ƙirga biyar, ta faɗa kashi na biyu. Ya koma baya, ta sake yi masa haka.

"Wane la'ananne ne ya ƙirƙiro wannan?" in ji Baba. "Mutane sun yi aiki, ka ba su daƙiƙa biyar?"

Auta ta buga ƙofa ta fita. Ta tsaya a bakin titi, rana na dukanta, tana duban tasi. Tagar falon a buɗe take a bayanta. Tana jin Mai Kemis yana cewa a danna na hagu, Gwaggo tana cewa a ba ta nan, su maza ba abin da suka iya. Can sai kiɗan ya tsaya cak. Baba ya yi gyaran murya, ya fara karantawa, daga na farko.

Haushi ya sake turnuƙe ta. Sunaye sun fi ɗari uku kafin nata. Ta juya ta ɗaga murya ta taga.

"Ka tsallake mana! Yana can ƙasa!"

"Ba a tsallake mutane," in ji shi, a fusace shi ma, ya ci gaba.

Tasi ta tsaya, direban ya leƙo. Ta ɗaga masa hannu ya wuce. Ta biyu ma haka. Ta zauna a kan dakalin ƙofa, jaka a cinya, tana jin tsohon yana tsayar da hoto, ya karanta, ya saki, ya sake tsayarwa. Ya wuce 'yan wasa, ya wuce masu ɗinka kaya, muryarsa ta fara dushewa. Ya shiga masu haɗa sauti. Auta ta sunkuyar da kai.

Sunanta ya faɗa shi daidai yadda ya faɗi na kowa, bai ƙara masa komai ba. A na biyun ne ya tsaya, sunan uba, wanda yake nasa. Shekara arba'in yana karanta jerin nan, bai taɓa cin karo da shi ba. Ya fara, muryar ta ƙi. Ya sake farawa, ta sake ƙi.

"Yaya, in karanta maka?" in ji Gwaggo.

"Bar ni," ya ce. "Zan iya."