Akwatin da Ba Ya Magana ta Hagu

Akwati na uku ke nan da Dogo ya shigo da shi gidan cikin mako biyu, kuma shi ma, in ji shi, ba shi da lafiya.

Kafinta ya tsaya a ƙofar falo, garin katako har a gashin girarsa, yana kallon ɗansa. Ƙato mai shekara ashirin da huɗu ya durƙusa gaban tebur kamar mai jinyar jariri, wayoyi sun kewaye shi. Akwatin bai fi tafin hannu ba. Dak ake kiransa. Dogo ya sha yi wa mahaifinsa bayani: waƙar da ke cikin kwamfuta lambobi ce zalla, wannan akwatin ne ke mayar da ita sautin da lasifika za ta fitar, kuma kowane akwati da irin muryarsa. Na farko baƙi ne, Dogo ya ce gangarsa na da nauyi amma muryar mawaƙi a dushe take. Na biyu mai ruwan azurfa ya fi kaifi. Na ukun nan har da ɗan gilashi mai nuna lambobi. Sai dai dukansu ciwonsu ɗaya, ɓangaren hagu ba ya fita sosai.

"Sau uku ina kiranka daga tsakar gida," in ji Kafinta.

Dogo ya juyo da dukan jikinsa. "Ban ji ba, Baba."

"Ba ka ji ba! A wurin aiki ba ka ji ba, a gida ba ka ji ba. Amma wai kai ne mai jin bambanci tsakanin gwangwanin nan da wancan."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ni dai a rage min ƙarar nan. Kofunan cikin kabad har rawa suke yi."

"A hankali fa na sa, Mama."

"A hankali? Maƙwabta ma sun haddace waƙar."

Dogo ya zare wayar daga bayan akwatin, bai dubi kowa ba. Ya ce jiya ya mayar da shi shago, mai shagon ya ƙi karɓa. A gaban mutane ya ce masa ya je ya wanke kunnensa.

Nan take fushin Kafinta ya sauya hanya. Shi yana iya zagin ɗansa daga safe har yamma, amma wani can ba shi da wannan hurumin. "Ɗauko shi. Sa takalminka. Yau zan ga wanda zai wanke wa wani kunne."

Shagon yana hawa na biyu a layin masu kayan lantarki, ɗaki ne siriri da aka lulluɓe bangonsa da soso. Mai shagon gajere ne, tabaransa na rataye a wuya da zare, kowa Injiniya yake ce masa. Kafinta ya dire akwatin a kan kanta har wani ƙaramin sukudireba ya gangara ƙasa.

"Kai ne mai sayar wa 'ya'yan mutane ruɓaɓɓen kaya, sannan ka bi su da zagi?"

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ni in na yi wa mutum kujera ƙafa ɗaya ta gaza, ba na ce masa ya je ya gyara ɗuwawunsa."

Wani mai jiran a haɗa masa waya ya kwashe da dariya. Injiniya bai yi ba. Ya ɗauko baƙin akwatin da mai ruwan azurfa daga kan katakon ajiye kaya, ya jera su da na ukun, ya haɗa su duka da kwamfuta ɗaya. Ya sa mita ya daidaita ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya fi ƙara shi kunne ke cewa ya fi daɗi," ya ce. "Shi ya sa nake daidaita su tukuna. Ba na son a ce na yi coge. Baba, kai ka fara sawa."

Kafinta ya ɗora hedifon, lasifikar kunne, a kansa yana huci. Ganga, garaya, muryar wata mata. Injiniya ya danna, ya koma na biyu, ya koma na uku. Shi dai Kafinta bai ji wani bambanci ba, duk waƙa ce. Amma tana shigowa ta dama, tana shigowa ta hagu, daidai wa daida. Ya cire ya ajiye a kan kanta.

"Dogo, zo," in ji Injiniya.

Dogo ya sa. Ya saurari baƙin, ya ce ga nauyin gangar nan. Aka danna, ya ce wannan mai azurfa ne, kaifinsa ba ya ɓuya. Bai kuskure ko ɗaya ba, alhali ya juya wa kantar baya. Kafinta ya ji wani ɗan alfahari ya taso masa duk da fushin.

"Hagun fa?" in ji Injiniya.

"A dushe yake. Kamar an tura auduga."

Injiniya ya cire hedifon daga kan Dogo, ya juya shi, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, ya mayar masa. "Yanzu in akwatina ne mai laifi, dushewar za ta bi waya ta koma damanka. Wane ɓangare ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Waƙar na ta fita siririya daga gefen kunnensa.

"Kai, ana tambayarka!" Kafinta ya daka masa tsawa.

"Hagu," in ji Dogo.

Mai jiran wayar ya daina murmushi, ya shiga duba wayarsa ta hannu.

"Na faɗa masa jiya," in ji Injiniya. "Bakina ne ya yi kaushi, wannan na amsa. Amma akwati uku daga kamfani uku ba sa haɗa baki su yi ciwo ɗaya."

Kafinta ya kama hannun rigar ɗansa. "Ka sani?"

"Tun a kan na biyu na juya hedifon a gida."

"To don me ka karɓo na uku?"

"Na ce ko Allah zai sa shi ya fita daidai." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wata huɗu ke nan yana min ƙara kamar kukan gyare. In mun tashi daga aiki ya fi tsanani."

"Wata huɗu! Kana cin abinci da ni, kana aiki da ni, bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa ba?"

"Da na faɗa, Baba, cewa za ka yi injin nake gudu."

Kafinta ya buɗe baki zai ƙaryata, sai injin yankan katako ya tsaya masa a ido. Shekara shida Dogo ke tura katako a cikinsa, kuma inda yake tsayawa, bakin zarton yana hagunsa. Ya tuna abin toshe kunne mai ruwan ɗorawa da yaron ya sayo bara. Shi da bakinsa ya ce masa, a gaban ma'aikata, "Matuƙin jirgin sama, yaushe za mu tashi?" Aka yi ta dariya. Ya ƙara da cewa shi shekara talatin yana gaban inji bai toshe komai ba, kuma ba ya son yana kira ana ce masa ba a ji ba. Tun ranar abin ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi.

Injiniya ya tura mai ruwan azurfar gaba. "Wannan yana da maɓallin da ke ƙara wa ɓangare ɗaya ƙarfi. In ya murɗa shi hagu kaɗan, zai ji daidai."

"Ya ƙara wa kunnen da ke mutuwa ƙara?" Kafinta ya buga kantar da tafin hannu. "Ka gama kashe masa shi ke nan! Ajiye kayanka. Sai likita ya duba shi, shi zai faɗa mana wanda zai ɗauka, in ma zai ɗauka."

"Hakan ya fi, Baba. Zan ajiye masa."

"Ban tambaye ka ba."

Suka sauko. A kan matakala Kafinta ya ciro waya ya kira babban ma'aikacinsa, ya ce a kashe injin yanzun nan, kada wanda ya sake kunna shi sai ya sayo wa kowa abin kunne. Mutumin ya fara maganar ƙofofin da aka yi alkawarin bayarwa gobe.

"Su jira! Na ce a kashe!"

Titi cike yake da ƙarar babura. Kafinta na tafe yana faɗa, shi kansa bai san da wa yake ba, yana cewa asibitin kunne za su wuce kai tsaye, ko za su yini a layi. Sai ya lura Dogo ya rage sauri, ya zagaya ta bayansa, ya dawo ɗaya gefen don mahaifinsa ya kasance a damansa. Ya yi shi ne ba tare da tunani ba, kamar abin da ya daɗe yana yi. Sau nawa ya yi haka a gabansa bai gani ba?

Kafinta ya tsayar da mai a-daidaita. Ya tura ɗansa ciki, ya zagaya ya zauna a damansa.

"Matsa," ya ce. "Kana jina?"

"Ina ji, Baba."