Baitin da Bai Karanta Ba

Matar marigayin ta fice daga ɗakin taron tun Malam bai kai baiti na uku ba, kuma har yau ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ranar Asabar abin ya faru, a kamfanin da marigayin, ƙanen Malam, ya yi wa aiki, inda abokan aiki suka shirya zaman tunawa da shi. Da yake Malam adabin Turanci yake koyarwa a kwaleji, matar ta roƙe shi ya karanta wata tsohuwar waƙar Turanci da mijinta kan rera idan yana aske gemu. Waƙar a kan wa da ƙane ce, sun fita tare, ɗaya ya dawo.

"Yaya, karantawa kawai," ta ce. "Ni bakina ba zai iya ba."

Baitin farko ya tafi lafiya. A na biyu muryarsa ta soma rawa. Sai ya ajiye takardar, ya cire tabarau, ya shiga ƙwanƙwasa tebur da yatsa kamar yadda yake yi wa ɗalibai.

"Ku lura da karin waƙar," ya ce. "Gaɓa mai sauƙi, sai mai nauyi. Sau biyar a kowane ɗango."

Muryar ta daidaita. Ya nuna yadda amsa-amon ɗango na ɗaya ke haɗuwa da na uku. Ganin akwai allo a bayansa, ya tashi ya zana tsarin baitocin. Wani akawu a layin gaba, don ladabi, ya fara taya shi ƙwanƙwasawa. Da Malam ya juyo, kujerar matar ba kowa, sai gyalenta a kan hannun kujerar.

A mota, da suka wuce gidan mai, uwargidansa ta dube shi.

"Saura ka raba musu takardar jarrabawa," ta ce.

"Bayani ne. Sai an san ginin waƙa..."

"Malam, ni ba 'yar ajinka ba ce. Na ga abin da hannunka ke ɓoyewa."

Ya mai da idonsa kan hanya. Gyalen na kan cinyarta, a ninke.

Jiya da hantsi ya kulle ofishinsa, ya zauna a kan hannuwansa don kada ya ƙwanƙwasa tebur, ya karanta waƙar daga farko har ƙarshe, waya na ɗaukar muryarsa. A baitin ƙarshe karin ya watse, bai gyara ba. Ya tura wa matar ƙanensa.

Wayar ta nuna saƙon ya isa. Ba ta nuna an saurara ba.