Ƙamshin Mangwaro a Kilishin Bashar

Direbobin da ke ɗaukar albasa daga Aliero sun ce ba a tashi Kudu sai an biya Jega an sayi kilishin Bashar. Mahauta ƴan'uwansa sun ce wuƙarsa na fitar da nama har a hango rana ta cikinsa. Matarsa kuwa cewa take yi hannunsa ne kawai a ciki, daɗin na Gwaggo Delu ne, ƙanwar mahaifinsa da ke Maiyama, wadda ke daka masa yaji da tunkuza tun yana saurayi. Da wannan dakan take riƙe da kanta tun rasuwar mijinta.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne Bashar ya daɗe yana shan taba. Da tari ya matsa masa sai ya koma shishar aljihu, wadda ake zuƙa ba wuta ba toka. Sirajo mai shagon caja a bakin tasha ne ya sayar masa da ta farko, ƙatuwa mai jikin ƙarfe, ana yi mata caji, in ruwanta ya ƙare a ɗura wani. Nauyinta ya sa a rumfa yake barinta.

Sai kasuwa ta juya. Ruwan ɗurawa ya yi wuyar samu, ƙanana na roba suka cika gari, masu launi kamar alewar yara, a zuƙe a jefar.

"Wagga ta ƙarhe tana da murhi, ko ka kwantar da ita ba ta ɗiga," in ji Sirajo. "Ƴan robar ga kuwa rana na dukansu sai su saki ruwa. Kai da ke yini bakin wuta, ka yi haƙuri har kaya su iso."

"Hayaƙi dai hayaƙi ne, Sirajo. Kai ma ai su ka tara a gaba, ta ƙarhen ka tura lungu."

"Abin da mutane ke nema nike sa wa gaba. Gaskiya kuma ina hwaɗa ma wanda ya tambaya."

"To ban tambaya ba. Ba ni mai mangwaro."

Ranar da ya je Maiyama karɓo yaji, ƴar robar tana aljihun gaban rigarsa. Ya tsaya a zaure yana ɗaure ƙaramin buhun, sai ya ji takun Gwaggo ta biyo shi da ƙullin daddawa na matarsa. Ya duba ƙirjinsa, ga kan abin ja ya leƙo. Mutum mai ƴaƴa ba ya bari gwaggonsa ta ga irin wannan a jikinsa. Ya fizge ta ya cusa cikin yajin, ya ɗaure baki. Suka tsaya gaishe-gaishe, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ba da saƙonni. Ya ɗora buhun a kan tankin mashin, ya kama hanya da tsakar rana. Da ya isa Jega ya laluba aljihu bai ji ta ba, ya ɗauka ta faɗi a hanya, ya sayi wata.

Lauwali direba ne ya fara dawo da magana. Ya dire ƙunshin kilishi a kan tebur.

"Bashar, mi kas sa ma abin ga? Cingam? Yaran mota sun ce na sawo musu kilishin amare."

Aka yi dariya a rumfa. Bashar bai yi ba. Ya gutsura ya tauna, ya je ya shinshina buhun. Wani zaƙi-zaƙi ne ke tashi a ƙarƙashin citta da kanumfari. Hancinsa ya saba da ƙamshin har bai gane shi ba. Sai ya tuna an yi biki a maƙwabtan Gwaggo, mata sun yi ta haɗa turaren wuta.

Ya kira ta a waya, a gaban mutane.

"Gwaggo, turmin da kunka daka turare shi anka daka mini yaji?"

"Turmin yajinka ko gero ba ya gani, Bashar."

"To tsuhwa ce ta hwara. Ki huta, zan kai inji."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kashe.

Nan da nan labari ya isa Maiyama. Masu tsire biyu da ke kai mata daka suka janye nasu. Shi kuma ya kai inji, kilishin ya fito ba laifi, ba kuma wanda ya yaba.

Wata safiya ya ɗauko tsohon buhun zai zubar. Yana zazzagewa sai ga ƴar robar ta faɗo, ta kumbura, yaji ya dunƙule a jikinta kamar laka. Ya ɗauke ta ya nufi shagon Sirajo.

"Dubi abin da ka saida mini."

Sirajo ya juya ta da ɗan yatsa. "A cikin mi ta kwana haka?"

Bashar ya faɗa masa. Sirajo ya danne dariyarsa da ƙyar.

"In ta ƙarhen ce, da ko buhun ba ta shiga ba, balle ta zuba. Amma ni ban aike ka ɓoyo ba. Ka tai Maiyama."

"In ce mata mi? In ce ina shan abin ga?"

"Kai ka sani."

Bai tafi ba. Ya aika mata da cinyar rago, ta dawo da ita, ta ce haƙoranta sun tsufa. Ya aika gyaɗa da barkono ba tare da wata magana ba, kamar ba abin da ya faru. Kayan suka dawo yadda suka je. Matarsa ta ce masa, "Ba nama ka ɗauke mata ba, suna ne."

Ranar kasuwar Maiyama ya hau mashin. Da gangan ya biya ta wurin masu tsiren nan biyu, ya ce su raka shi, akwai abin da za su ji. Suka tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake, turmin yaji na kife a jikin bango. Ya durƙusa, ya ajiye ƴar robar a gabanta.

"Mine ne wannan? Usur?"

"Ɗan'uwan taba ne, Gwaggo. Ni ke sha. Na ji kunyar ki gani, na tura cikin buhu, ya tsiyaye. Shi ne ƙamshin."

Ta dube shi, ta dubi masu tsire.

"Ka ji kunyar in ga aljihunka, ba ka ji kunyar kira na tsohuwar banza gaban kasuwa ba."

Bashar ya cire hularsa. Ya ɗaga murya yadda na zaure za su ji.

"Turminki bai yi komi ba, ni ne. Na yi miki ƙazahi, na ɓata miki suna. Gwaggo, don Allah ki yahe mini."