Kifin da Injiniya Bai Ci Ba

"Ba haka suke yanka dankalin ba," in ji Injiniya Lurwanu daga kan gado. "Ka yi shi da kauri."

Zayyanu ya sake ɗaukar wuƙa. Direba ne, ko ƙwai bai iya soyawa ba, amma ga shi bayan sallar Juma'a a kicin ɗin maƙwabcinsa a unguwar Al-Naseem ta birnin Riyadh, yana tsoma kifi cikin kwaɓin fulawa. Wanda likitoci suka ce a mayar da shi gida don ba sauran magani, wa zai yi masa gardama?

Labarin kifin kuwa kowa a benen ya san shi. Bara Injiniya ya je Ingila wurin ɗansa Luqman. Yaron ya kai shi wani tsohon gidan abinci mai gajeriyar ƙofa da baƙaƙen katakai, ginin da ya girmi kakan kakansu, don ya karrama ubansa ranar da ya sami aiki. An kawo kifi da dankali suna tururi, sai Injiniya ya hango ana tsiyayar giya a kantar gidan. Ya miƙe, ya ce a gaban mutane shi bai haifi ɗan mashaya ba, ya yi waje. Tun ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Yanzu kuwa Injiniya ya ce, "Lemo ne a kofin yaron, Zayyanu. Na gani da idona. Kira shi ta bidiyo, ya gan ni ina ci."

Zayyanu ya ajiye farantin a gefen gado, ya kira. Shiru. Ya sake, ya kuma sakewa, har man kifin ya fara daskarewa. Ransa ya ɓaci.

"Ranar hutu guda, a ce ɗa ya ƙi ɗaukar waya!"

"Khalas, shi ke nan, bar shi," in ji Injiniya. "Ni na jawo."

Ya juya fuskarsa bango. Zayyanu ya yi lallashi ya ci ko loma ɗaya, Injiniya ya ce sai yaron na kallo. Ana kiran la'asar numfashinsa ya canja. Zayyanu ya riƙe hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, har hannun ya saki.

Bayan isha'i, an riga an tafi da gawar asibiti, wayar ta yi ƙara. Luqman ne, a bakin titi, da katin aiki rataye a wuya.

"Baba Zayyanu, yanzu na tashi. Ba a shiga mana da waya. Lafiya?"

Sai a lokacin Zayyanu ya tuna. Shekarun Riyadh sun mantar da shi da Injiniya cewa a Ingila Juma'a ranar aiki ce. Ya faɗa wa Luqman komai, har da dankalin.

Sai Luqman ya tambaya:

"Ya ci?"

"Kai yake jira, ɗana."

Yaron ya zauna a kan dakalin titi, ya ɗora wayar a gwiwa. Zayyanu bai kashe ba. Babu abin da yake gani sai farin sama, da yayyafi yana sauka a kan gilashin wayar.