Fayil ɗin da ya koma Nahuce

Zaharaddeen ya tono tsohuwar manhaja mai saka wa haruffan Hausa ƙugiya, wadda suka rubuta shi da abokinsa Mannir a wani shagon kwamfuta a bayan tasha a Gusau. Ya sa kwamfuta ta harhaɗa ta daga rubutun asali. Ta fara, sai ta cije, wai akwai fayilolin da manhajar ta dogara da su, ba ta gan su ba.

Ya yi ta sauko mata da su daga intanet, har saura guda mai suna labbo. Wannan kam babu shi ko'ina.

Sai ya tuna. A wancan zamanin data tsada gare ta, ba sa ɗora komai a intanet. Filashi ɗaya ke yawo tsakaninsu, rataye da zare a wuyan Mannir. Mannir ne ya rubuta fayil ɗin, ya sa masa sunan Labbo mai shayin da ke ajiye musu benci.

Ya lalubo lambar Mannir, wanda ya koma noma a Nahuce tun tuni. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi buƙatarsa.

"Filashin ya mutu tun kafin in yi aure," in ji Mannir. "Amma abin da ke ciki yana kaina. Ka zo mu sake rubutawa."

"Karanto mini ta waya mana."

"A'a. Kwamfutarka ta lura ba na nan, kai ba ka lura ba. Ka zo da ƙafarka."